Abin Da Ke Sace Karatu Tsakanin Bakin Malam Da Ƙofar Aji

Wannan bayanin jawabi ne da wani malamin makarantar sakandare, wanda ya yi karatun allo tun kafin ya shiga boko, ya gabatar ga 'yan'uwa matasa a garin Kiyawa ta jihar Jigawa, a wani zama da aka yi bayan sallar La'asar saboda ƙaratowar jarrabawa. Mahalartan sun haɗa da 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da 'yan Islamiyya masu hadda, da wasu 'yan ƙalilan da suka zo daga Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da cewa akwai wani kuka da ya gaji da ji daga bakin samari, wato mutum ya ce shi kansa ba ya ɗaukar karatu. Ya ce yaro zai zauna a aji, malami ya yi bayani, ya gane sarai har yana gyaɗa kai, amma kafin ya kai bakin titi abin ya bi iska. In aka yi haka sau biyu sau uku sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne. Daga nan wani ya jira ranar kasuwar Shuwarin ya je neman maganin ƙarin ƙwaƙwalwa wajen masu talla da lasifika, wani ya ce ai hannu aka sa masa, wani ya fara tanadin satar amsa, wani kuma ya ajiye littafin gaba ɗaya ya nemi babur ya shiga acaɓa a Dutse. Alhali kuwa, in ji shi, mafi yawan waɗannan samari ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Ciwon na daƙiƙa ne, ba na daƙiƙanci ba, domin ɓarnar tana aukuwa ne a cikin 'yan sakan-sakan ɗin farko bayan kunne ya ji magana.

Ya ce masana halayyar ɗan Adam sun rarrabe riƙo iri biyu. Akwai riƙon ɗan lokaci, akwai kuma riƙo mai daɗewa. Ya kwatanta na farkon da tafin hannu, na biyun da rumbu. Duk hatsin da zai shiga rumbu sai ya bi ta hannu, hannu kuwa abin da yake ɗauka kaɗan ne, kuma da an bangaje shi sai ya zube. A 1956 wani masani Ba'amurke mai suna George Miller ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ji ɗaya yana kaiwa abu bakwai, ya ƙaru da biyu ko ya ragu da biyu. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya tattara bincike masu yawa ya ce in aka hana mutum maimaitawa da ƙulla abubuwa wuri ɗaya, abin bai wuce kamar huɗu ba. Malam ya ce shi ya sa ba wanda yake faɗin lambar waya, mai lamba 11, a numfashi ɗaya. Kowa yanka ta yake yi, huɗu, uku, huɗu, ba tare da an koya masa ba, don hannun ya iya ɗauka.

A nan sai Malam ya nemi ɗaya daga cikin samarin ya miƙe. Ya faɗa masa baƙaƙe uku waɗanda ba su haɗa wata kalma ba, ya ce ya riƙe, sannan nan take ya ce ya kama daga 506 ya yi ta ƙirge baya yana cire uku-uku da ƙarfi. Ɗan'uwan ya kama, 503, 500, 497, yana yi yana lumshe ido. Da aka ɗan jima Malam ya tsayar da shi ya ba shi wasu baƙaƙen, aka sake, aka kuma sakewa. A karo na huɗu da aka ce ya kawo baƙaƙen sai ya kawo biyu daga na baya ya haɗa da ɗaya wanda ba a taɓa faɗa ba. Wuri ya ɗauki dariya. Malam ya ce kada kowa ya yi masa dariya, domin abin da ya same shi shi ne ya sami ɗaliban jami'a a Amurka.

Ya bayyana cewa wannan gwaji ba nasa ba ne. John Brown ya buga irinsa a Ingila a 1958, sannan a 1959 Lloyd Peterson da Margaret Peterson na Jami'ar Indiyana suka yi shi da ɗalibai 24. Suna ba ɗalibi baƙaƙe uku, su sa shi ƙirgen baya na tsawon sakan 3, ko 6, ko 9, ko 12, ko 15, ko 18, sannan su tambaye shi. Bayan sakan 3 ɗaliban sun kawo baƙaƙen daidai a kusan kashi 80 cikin 100 na gwajin. Bayan sakan 18 abin ya faɗo zuwa kimanin kashi 10. Malam ya maimaita wannan har sau biyu. Ya ce 'yan'uwa su lura, baƙaƙe uku kacal, ga samari da 'yan mata masu jini a jika, kuma lokacin bai kai na ɗaure igiyar takalmi ba. Amfanin ƙirgen shi ne ya hana su nanata baƙaƙen a zuci. Da waɗannan masu bincike suka ba ɗaliban damar nanatawa kafin a fara ƙirgen, sai riƙon ya ƙaru gwargwadon nanatawar.

Daga nan ya ce akwai tambayar da ta raba kan masanan, kuma ita ce ta fi shafar ɗalibi. Shin wucewar lokaci ce kawai ta goge baƙaƙen, kamar yadda rubutun da aka yi a rairayi yake shafewa, ko kuwa wani abu ne ya shigo ya tunkuɗe su? Su Peterson sun karkata ga lokaci. Amma a 1962 Geoffrey Keppel da Benton Underwood suka sake duba lamarin, suka ga cewa a karon farko kusan kowa yana kawo baƙaƙensa daidai ko da bayan sakan 18 ne. Sai an yi karo na biyu, na uku, sannan mantuwar take bayyana, saboda baƙaƙen da suka gabata sun fara cakuɗewa da sababbi. Malam ya nuna ɗan'uwan da ya miƙe ɗazu ya ce abin da kowa ya gani da idonsa ke nan. Wani masanin kuma, Delos Wickens, ya nuna cewa in aka canja nau'in abin da ake ba mutum, misali daga baƙaƙe aka koma lambobi, sai riƙon ya farfaɗo.

Malam ya daɗe a kan wannan gaɓa. Ya ce duk mahaddacin da ke wurin ya san ta ba tare da ya ji sunan wani Bature ba. Inda hadda ta fi suɓucewa shi ne wajen ayoyi masu kama da juna, mutum yana cikin wannan sura sai ya tsinci kansa a wata, har sai an ja shi an dawo da shi. Alarammomi sun ɓata shekaru suna ƙididdige irin waɗannan wurare suna koya wa gardawa yadda za su rarrabe su, don sun san makamancin abu shi ne babban abokin gabarsa a wajen riƙo. To haka abin yake a boko. Yaron da ya zauna dare ɗaya ya jera ƙa'idojin lissafi goma masu kama da juna, ko shekarun tarihi ashirin, gobe zai ɗauko kan wannan ya ɗora a jikin wancan. Ya ce a fahimtarsa, wanda ya gama lissafi gara ya koma Hausa ko tarihin Musulunci, maimakon ya sake afka wa wani fanni mai cike da lambobi.

Sai ya koma kan ƙarshen darasi. A 1966 Murray Glanzer da Anita Cunitz sun karanta wa mutane jerin kalmomi 15. In aka tambaye su nan take, sukan fi tuna na farko-farko da na ƙarshe-ƙarshe. Amma in aka sa su ƙirge na sakan 30 kafin a tambaya, fifikon kalmomin ƙarshe sai ya ɓace, na farkon kuwa suna nan. Dalili shi ne na farkon sun sami nanatawa har sun gangara rumbu, na ƙarshen kuwa suna tafin hannu ne lokacin da aka bangaje shi. Malam ya ce to a duba yadda ake tashi daga aji. Malami yakan bar taƙaitawa da aikin gida da abin da ya ce zai fito a jarrabawa sai mintin ƙarshe. Ana kaɗa ƙararrawa sai a yi waje a guje, wannan yana kiran wancan, ana cacar baki kan wasan ƙwallon jiya, mai awara tana jira a bakin ƙofa. Mafi tsadar abin da aka faɗa a darasin shi ne ake zubarwa a bakin ƙofar. Ya ce su ma malamai suna da nasu laifin a nan, don da za su daina magana minti uku kafin lokaci su ce kowa ya rufe littafi ya rubuta abin da ya riƙe, da an rage asara.

Game da wayar hannu, Malam ya ce ba zai ɓata baki yana cewa a yar da ita ba, don ya san ba mai yi, kuma tun 2015 jarrabawar JAMB kanta a kan kwamfuta ake yin ta. Abin da yake so 'yan'uwa su sani shi ne wayar tana yin aikin ƙirgen bayan nan na su Peterson, sai dai ita ba ta neman izini. A 2015 masu bincike a wata jami'a da ke jihar Fulorida ta Amurka sun sa ɗalibai wani aiki mai bukatar natsuwa, sannan suka riƙa kiran wayoyin wasu ko aika musu saƙo. Ɗaliban ba su ɗaga ba, ba su karanta ba, amma kurakuransu sun ƙaru. Jin ƙarar kaɗai ya isa ya sa zuciya ta tafi tambayar wane ne, me ya faru. Haka kuma a Kanada a 2013 an gwada ɗalibai a zauren lacca, aka samu cewa wanda ke yawo a kwamfutarsa lokacin darasi makinsa ya ragu, kuma wanda ke zaune a bayansa yana hango fuskar kwamfutar shi ma nasa ya ragu. Malam ya ce wannan kuwa ya zama haƙƙi. Wanda ya buɗe WhatsApp a sahun gaba na aji ko na zauren karatu, ba kansa kaɗai ya cuta ba.

Ya ƙara da cewa har surutun da mutum ba ya saurare yana ɓarna. A 1976 Herbert Colle da Alan Welsh sun nuna wa mutane baƙaƙe a rubuce su riƙe, a gefe kuma ana sakin magana da Jamusanci, harshen da ba sa ji, aka ce su yi biris da ita. Duk da haka riƙonsu ya ragu. Dalilin da masana suka bayar shi ne abin da mutum ya karanta da ido yakan mayar da shi sauti a zuci, yana faɗa wa kansa, to duk wata magana da ta shigo ta kunne hanya ɗaya suke bi. Saboda haka mai cewa shi da rediyo a kunne yake karatu, ko a gefen teburin mai shayi, yana iya gamawa ya ga ya shafe shafi goma, amma a tambaye shi me ke ciki.

Malam ya ɗan ratse ya kawo wani abu da ya ce yana ba shi sha'awa. A 1975 Alan Baddeley da abokan aikinsa sun gano cewa abin da mutum ke iya riƙewa ya yi daidai da abin da bakinsa zai iya furtawa a cikin kimanin sakan biyu, don haka gajerun kalmomi sun fi dogaye saurin kamuwa. A 1980 aka gwada masu jin harsuna biyu a yankin Wales na Birtaniya, aka ga sun fi riƙe lambobi da Ingilishi a kan harshensu na gado, saboda sunayen lambobin nasu sun fi ɗaukar lokaci a baki. Ya ce a lura, daga ɗaya har tara kowace lambar Hausa gaɓa biyu ce, na Ingilishi kuwa galibi gaɓa ɗaya, kuma yana zaton wannan na cikin abin da ya sa har dattijon da bai shiga aji ba yake karanto lambar waya da Turanci.

Bayan haka ya shiga bayanin abin yi, ya ce a nan ba sai an je Amurka ba, a leƙa tsangayar da ke bayan gari. Malam ba ya biya wa kolo shafi guda. Yana ba shi ɗan abin da hannunsa zai ɗauka, yaron ya maimaita a gabansa nan take, ya koma gefe ya yi ta nanatawa da ƙarfi, kuma ba a wanke allo sai ya kawo shi da ka. Wato an hana jinkiri tsakanin ji da maimaitawa, an kuma hana sabo ya hau kan wanda bai zauna ba. Ya tunatar da cewa ya zo a Sahihul Bukhari daga Anas cewa Manzo (S) yakan maimaita magana sau uku don a fahimce ta.

Ya ce Turawa ma sun zo sun auna wannan tsari. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi bincike a tsakanin ƙabilar Vai ta Laberiya, suka buga shi a 1981. Sun samu cewa waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun yi fice a gwajin da ake ba mutum kalma ɗaya, a ƙara ta biyu ya haɗa, a ƙara ta uku ya haɗa, wato daidai yadda ake ƙarin allo. A sauran gwaje-gwajen riƙo kuwa ba su nuna irin wannan fifiko ba. Daniel Wagner ma da ya yi nasa a Maroko, wanda ya fito a 1978, bai samu almajiran Alƙur'ani sun fi 'yan makarantar boko riƙon ɗan lokaci ba. Malam ya ce wani zai ji haushin wannan, shi kuwa albishir ya gani a ciki. Ma'ana gwani ba wata ƙwaƙwalwa ta daban aka ƙera masa ba, tafin hannunsa irin na kowa ne. Hanya ya bi, ya kuma daure a kanta shekara da shekaru, hanya kuwa ana iya koyon ta a ɗauke ta a kai ta ajin kimiyya.

Sannan ya ja hankali cewa jinkiri kala biyu ne, kada a haɗa su. Jinkirin da ke kashe karatu shi ne wanda ya shiga kafin a maimaita. In abu ya riga ya zauna, to ɗan barinsa a dawo masa yana ƙara masa ƙarfi. Bajamushe Hermann Ebbinghaus, wanda ya yi gwaji a kan kansa ya buga a 1885, ya auna sauƙin da yake samu in ya zo sake haddace abin da ya taɓa haddacewa. Bayan minti 20 sauƙin ya kai kashi 58 cikin 100, bayan awa ɗaya 44, bayan kwana ɗaya kimanin 34, bayan wata guda 21. Wato zubar ta fi yawa a awar farko, daga nan sai ta lafa. Don haka bitar da aka yi a ranar ta fi wadda aka bari sai daren jarrabawa nesa ba kusa ba. Ya ce Shaihu Zarnuji, wanda ya rayu kimanin shekaru 800 da suka wuce, ya tsara wannan a littafinsa Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukanmu, inda ya shawarci ɗalibi ya maimaita karatun jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, a yi ta ragewa har zuwa sau ɗaya.

Amma fa, in ji Malam, bita ba ita ce zura wa littafi ido ba. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu su karanta. Wani an sa su sake karanta shi, wani kuma an karɓe takardar an ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada bayan minti 5, sake karantawa ta ɗan yi gaba, kashi 81 da 75. Da aka gwada bayan mako guda sai abin ya juye, abin da aka ƙwaƙulo da ka ya tsaya a 56, wanda aka sake karantawa ya faɗo 42. Ya ce yaudarar ke nan, mai kallon littafi yana jin kamar ya iya don komai ya zama sananne a idonsa. Almajiri kuwa kifa allon yake yi ya kawo, in ya kakare ya leƙa, ya sake kifawa.

Ya rufe wannan ɓangare da maganar barci. A 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach sun gwada ɗalibai biyu a Jami'ar Cornell, suka ga abin da suka haddace suka kwanta a kansa ya fi zama a kan wanda suka haddace suka shiga harkokin yini. Malam ya ce karatun dare a gindin wuta, a kwanta, a tashi da asuba a yi tilawa, tsari ne da ya dace da wannan. Wanda ya rufe littafi ƙarfe goma sannan ya kwana yana latsa waya har ɗaya na dare, ya sa kasuwa guda tsakanin karatunsa da barcinsa.

Da aka ba da damar tambaya, wani ɗan'uwa daga Andaza ya miƙe ya ce, Allah gafarta Malam, in har surutu yana ɓata riƙo, yaya aka yi tsangaya, inda yara hamsin ke ɗaga murya lokaci guda kowa da nasa allon, take fitar da mahaddata? Malam ya ce tambaya ta yi kyau. Ya ce da farko kowane yaro a wurin bakinsa yana aiki, muryarsa ce mafi kusa da kunnensa, kuma abu ɗaya yake nanatawa sau talatin sau hamsin, don haka abin da hayaniya ta zubar maimaici yana mayarwa. Wannan daban yake da wanda ya yi shiru yana son ya kama sabon bayani a ji ɗaya. Na biyu kuma, ya ce a tambayi gardawa ina suke tafiya in hadda ta yi nauyi. Kiskadi suke fita, su bar gari su sami gindin bishiya a daji, kowa ya ja nesa da ɗan'uwansa.

Wani kuma ɗan aji shida ya ce su a gidansu ɗaki ɗaya suke kwana su biyar, kuma da ya dawo daga makaranta gona ko aike ke jiransa, to ina zai sami kiskadi? Malam ya ce kada ya jira sai ya isa gida. In an tashi, ya bar sauran su fita, ya zauna a kan bencinsa minti biyar, littafi a rufe, ya rubuta a bayan takarda duk abin da ya riƙe daga darasin ƙarshe, sannan ya buɗe ya ga abin da ya tsere masa. A hanyar gona kuma ya faɗa wa kansa shi da baki, ko ya sami abokin tafiya su riƙa yi wa juna tambaya. Wayar kuma ta zauna a kashe cikin jaka har sai ya gama wannan. Ya ce in masallacin unguwarsu yana zama a buɗe tsakanin Magariba da Isha'i, ya nemi izinin liman ya riƙa zama a can kusurwa da littafinsa.